Awa 1,250: Mudun da Ya Bar Direba da Mai Girki a Bakin Ƙofa a Makarantun Amurka

Tun da duku-duku, kafin wani malami ya buɗe jakarsa, akwai mutanen da suka riga suka tashi makarantar Amurka daga barci. Direba ya zagaya doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa da tocila a hannu, ya duba tayoyi da birki da fitilu. Mai shara ya buɗe ƙofofi, in hunturu ne ya kwashe ƙanƙarar da ta toshe hanyar shiga, ya watsa gishiri don kada yara su zame. A kicin mata sun rufe gashinsu suna jera madara da burodi, domin yara da yawa a makaranta suke karya kumallo. Can a bakin ƙofa kuma wata mataimakiyar malami ce tsaye tana jiran motar da za ta sauke yaron da ba ya iya tafiya. Ita ce za ta tura kekensa, ita za ta kai shi ban ɗaki, in ta kama ita za ta ba shi abinci a baki.

Irin waɗannan ma'aikata sun haura miliyan biyu a makarantun gwamnati na ƙasar, kuma mafi yawansu mata ne. Har da akawun ofis da masu gadi da masu gyaran famfo da wuta a cikinsu. Duk da haka, ranar da ɗayarsu ta haihu, ko likita ya ce za a yi mata aiki, ko mahaifiyarta ta kwanta ciwon da sai an zauna da ita, tana iya zuwa ofishin ma'aikata ta ji an ce mata dokar hutun iyali da jinya ta tarayya ba ta shafe ta ba. Ba wai don sabuwa ce ba. Tana iya yin shekara goma sha biyar a kicin ɗaya, ta ciyar da yara har su girma su kawo nasu 'ya'yan, amsar ba za ta canja ba. Abin da ya hana ta lissafin awa ne.

Dokar da aka sha wuya kafin a samu

Amurkawa suna kiran dokar da FMLA, wato haruffan farko na sunanta. Ta ɗauki kusan shekara takwas tana kai da kawo a majalisa. 'Yar majalisar wakilai Pat Schroeder ta jihar Colorado ce ta fara shigar da ƙudirin a 1985, Sanata Chris Dodd na Connecticut kuma ya riƙe shi a majalisar dattawa. Sau biyu majalisa ta amince, sau biyu Shugaba George Bush babba ya hau kujerar na-ƙi, a 1990 da 1992, bisa hujjar cewa bai kamata gwamnati ta tilasta wa 'yan kasuwa irin wannan ba. Bill Clinton ne ya sa mata hannu ranar 5 ga Fabrairu 1993, mako biyu da 'yan kwanaki da rantsar da shi, kuma ita ce babbar doka ta farko da ya sa wa hannu. Ta fara aiki a watan Agustan shekarar.

Abin da ta bayar shi ne hutun mako goma sha biyu a shekara, domin haihuwa, ko ɗaukar yaro riƙo, ko jinyar miji ko mata ko ɗa ko iyaye, ko kuma ciwo mai tsanani na ma'aikacin kansa. A 2008 aka ƙara wa iyalan sojoji tanadi, har mako ashirin da shida ga mai jinyar sojan da ya ji rauni. A nan ne mai karatu na wajenmu zai ɗan yi turus: hutun ba shi da albashi ko sisi. Dokar ƙwadago ta Najeriya, duk da yadda ake taka ta, ta ce a biya mai jego aƙalla rabin albashinta in ta yi wata shida a aiki. Ta Amurka abu biyu kawai ta yi alkawari. Na farko, in ka dawo za ka tarar da aikinka ko makamancinsa da albashi ɗaya. Na biyu, inshorar lafiyar da kake samu ta wurin aiki ba za ta yanke ba muddin kana hutun.

Kada a raina na biyun. A ƙasar da kwana uku a asibiti ke iya cinye abin da mutum ya tara a shekara, kuma yawancin ma'aikata ta hannun mai aikinsu suke samun inshora, rasa aiki a tsakiyar ciwo yana nufin rasa magani ma. Shi ya sa, da babu gara ba daɗi, mutane suke riƙe da wannan doka hannu bibbiyu.

Sai dai kowace shekara da ƙudirin ya yi a majalisa an ɗan yanke masa wani abu don a samu ƙuri'un masu ɗari-ɗari da shi. Makonnin hutun suka ragu, aka cire ƙananan kamfanoni, aka kuma gindaya wa ma'aikaci sharuɗɗa uku. Sai ya yi wata goma sha biyu da mai aikin nasa. Sai mai aikin yana da ma'aikata hamsin a cikin tazarar mil 75 daga inda yake aiki. Sai kuma ya yi aikin awa 1,250 a cikin wata goma sha biyun da suka gabaci ranar fara hutun. Binciken da ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta sa aka yi a 2018 ya nuna kashi 56 cikin ɗari ne kawai na ma'aikata suka cika duka ukun.

Yadda lissafin yake cin mutum

Ga mai aikin ofis ko masana'anta, sharaɗin awa ba wani abu ba ne. Mai yin awa arba'in a mako yana tara 2,080 a shekara, saboda haka 1,250 kusan kashi sittin cikin ɗari ne na cikakken aiki. In an raba shi a mako hamsin da biyu, awa ashirin da huɗu ne a mako. Da wannan tunanin aka yanka mudun: a tace masu leƙa aiki jefi-jefi, a bar waɗanda aikin ya zama sana'arsu.

To amma makaranta ba ta buɗewa mako hamsin da biyu. A yawancin jihohi shekarar karatu kwana 180 ce ko kusa da haka, mako talatin da shida ke nan. In ka raba 1,250 gida 180, za ka ga sai mutum ya yi kusan awa bakwai cif a kowace ranar karatu, ba fashi ko na kwana ɗaya. Mataimakiyar malami da aka rubuta wa awa shida a rana za ta tashi da 1,080, saura 170. Wadda aka ba shida da rabi za ta samu 1,170, saura 80. Direban da ke kwasar yara da safe ya mayar da su da yamma, in duka-duka awa biyar ake rubuta masa, 900 ke gare shi, ko da yake tazarar da ke tsakanin zuwa biyun ba ta isa ya kama wani aikin kirki ba, ranar dai ta tafi. Mai girkin da ke shiga ƙarfe tara ta fita ƙarfe ɗaya kuwa ba ta ma kusa.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce mai awa bakwai. A takarda ta haye, tana da 1,260. Amma dokar awannin da aka yi aiki da gaske take ƙirgawa. Ranar hutun gwamnati ba ta shiga lissafi ko da an biya ta. Ranar da mutum ya kwanta zazzaɓi ya ɗauki hutun rashin lafiya mai albashi, ita ma ba ta shiga. Kwana biyu kacal ta yi fashi saboda mura, awa goma sha huɗu sun fita, ta koma 1,246. Awa huɗu sun raba ta da haƙƙin. Kuma a ina ta kwaso murar? A ajin da yara ashirin ke tari a fuskarta.

Akwai wani tarkon a gaba. Hutun da dokar ta bayar shi ma ba ya shiga lissafin shekara mai zuwa. A ce mai awa bakwai ɗin ta ci sa'a ta cancanta bana, ta ɗauki mako goma sha biyun saboda maganin ciwon daji. Kwana sittin na aiki sun tafi, awa 420, ta rage da 840. In ciwon ya dawo baɗi, ko mijinta ne ya kwanta, ba ta da kariya. Mai ciwon da ke tafiya yana dawowa shi ya fi buƙatar dokar, shi ne kuma lissafin ke fara zubarwa.

Abin da ya kamata a lura da shi a duk wannan shi ne, ba ma'aikaciyar ce ta zaɓi awanninta ba. Hukumar ilimi ta gunduma ce ta rubuta su, kalandar makaranta kuma majalisar jiha ce da hukumar suka tsara. Wani lokaci ma da gangan ake matse awannin. Dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama ta ce duk wanda ke yin awa talatin a mako, babban mai aiki ya ba shi inshora ko ya biya tara. Da lokacin fara aikinta ya ƙarato, wajen 2013, gundumomi da dama, musamman a jihar Indiana, suka rage wa mataimakan malamai da masu girki awanni zuwa ƙasa da talatin. Awa ashirin da tara sau mako talatin da shida 1,044 ne. Da jifa ɗaya ma'aikaciya ta rasa inshora, ta kuma rasa hutun jinya.

Mai neman cike giɓi da aiki na biyu shi ma bai tsira ba. Direba na iya yin bazara yana tuƙa wa wani kamfani, mai girki ta yi yamma tana aiki a kanti, jimillar awanninsu ta haura dubu biyu. Ba a haɗawa. Kowane mai aiki nasa awannin kaɗai yake ƙirgawa.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Abin mamaki, ba a manta da makarantu ba lokacin rubuta dokar. An ma ba su kulawa ta musamman. Kamfani mai zaman kansa sai yana da ma'aikata hamsin dokar ke hawa kansa, amma makarantun firamare da sakandare, na gwamnati da na kuɗi, dokar ta hau kansu komai ƙanƙantarsu. Wato makarantar tana cikin doka, takardar sanarwar haƙƙin tana manne a bangon ɗakin hutun ma'aikata, amma wadda ke goge bangon tana waje. A ƙauyukan jihohi irin su Montana da Nebraska, inda gunduma guda ba ta da ma'aikata hamsin, sharaɗin mil 75 yana iya fitar da kowa, har shugaban makarantar.

Malaman aji kuwa an yi musu gata a cikin ƙa'idojin da ma'aikatar ƙwadago ta fitar. Da yake malami albashin shekara yake ɗauka, ba a buga masa kati, kuma kowa ya san yana kai aiki gida yana duba takardun yara da dare, sai aka ɗora nauyin hujja a kan hukumar. In ta ce malami mai cikakken aiki bai kai 1,250 ba, ita za ta kawo shaida ƙarara. A aikace wannan yana nufin ana ɗaukar malami ya cika. Mataimakiyarsa, da ke tsaye da shi a aji ɗaya daga ƙararrawar farko zuwa ta ƙarshe, ita tana buga kati, kuma katin ne shaidar da za a kayar da ita da shi.

Ba a ce malamai sun sha romo ba. Su ma hutun nasu ba albashi, kuma an ɗaure su da wasu ƙa'idoji na daban. In malami zai riƙa ɗaukar hutu guntu-guntu don zuwa magani har ya wuce kashi ashirin cikin ɗari na kwanakin aiki, hukuma na iya cewa ya ɗauka a dunƙule ko ya koma wani gurbi na ɗan lokaci. In kuma hutunsa zai ƙare dab da ƙarshen zango, ana iya cewa ya zauna a gida har a rufe, don kada a canja wa yara malami ana shirin jarrabawa. Ƙa'idojin sun ambaci sunan waɗanda wannan bai shafa ba: masu girki, masu gyara, direbobi, da mataimakan da koyarwa ba ita ce ainihin aikinsu ba. Ashe dai an san da su. An tuna da su a wurin cewa ba malamai ba ne, ba a tuna da su a wurin awo ba.

Alfarma da haƙƙi

Gaskiya ita ce, ba duk wadda ta kasa cika awannin ake kora ba. Gundumomi da yawa suna da nasu tsarin hutu, inda kuma ƙungiyar ƙwadago ke da ƙarfi, yarjejeniyarta da hukuma takan ba da abin da ya kai na dokar tarayya ko ya fi. Mace mai ciki ta samu wata kafa tun watan Yunin 2023, lokacin da dokar adalci ga ma'aikata masu juna biyu ta fara aiki. Ita ba ta ƙirga awa, kuma hutun murmurewa bayan haihuwa yana cikin sauƙin da ake iya nema a ƙarƙashinta, sai dai mai aiki na iya cewa abin zai yi masa nauyi fiye da kima. Dokar naƙasassu ta 1990 ma takan taimaki mai ciwon kansa. Amma babu ɗaya a cikin biyun da ta ba da hutun jinyar uwa ko miji.

Saboda haka abin da ya rage wa mutane da yawa shi ne kirkin shugaba. Wata shugabar makaranta za ta ce je ki, Allah ya ba ta lafiya, gurbinki na nan. Wata za ta ce kwanakin hutunki sun ƙare, ki dawo Litinin ko ki rubuta takardar ajiye aiki, in kin gama jinyar ki sake nema. Wadda ta sake nema tana iya dawowa a matsayin sabuwa, shekarun da ta tara sun tafi, kuma a wannan aiki daɗewa ce ke ba mutum zaɓen hanyar mota mai kyau ko ƙarin awa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban babba yana murza hula don neman abin da ya kamata a ce nasa ne ya san bambancin alfarma da haƙƙi. Mai haƙƙi yana da inda zai kai ƙara: sashen albashi da awanni na ma'aikatar ƙwadago, ko kotu cikin shekara biyu, uku in da gangan aka take shi. Mai neman alfarma sai dai ya yi godiya ko ya yi haƙuri.

Hukumomin ma suna da abin faɗa, kuma ba duka ne kame-kame ba. Kuɗinsu daga harajin gidaje da kason jiha yake fitowa, a ƙayyade. In direba ya tafi wata uku, dole a ci gaba da biyan kason inshorarsa, a kuma nemo wani mai lasin tuƙa babbar mota da izinin ɗaukar yara, abin da ba a tsinta a bakin titi. Yaro mai buƙata ta musamman da aka rubuta masa mataimakiya a tsarin karatunsa, dokar tarayya ce ta ce a ba shi, ba a jiran wadda ta tafi jego. Sai dai wannan hujja tana da baki biyu. A watan Satumbar 2021 ƙarancin direbobi ya kai gwamnan Massachusetts, Charlie Baker, ya kira sojojin ko-ta-kwana na jihar har 250 don su tuƙa yara zuwa makaranta. Wanda ke kiran soja saboda rashin direba, da wuya a gane hikimar da ke cikin sallamar ƙwararren direba don ya nemi wata biyu ya yi jinyar matarsa.

Annobar korona ta ɗan buɗe ƙofar ta kuma rufe. Lokacin da aka rufe makarantu a 2020, masu girki ne suka ci gaba da zuwa suna ƙulla abinci, direbobi suna kai wa yara unguwa-unguwa. A watan Maris na shekarar majalisa ta yi dokar gaggawa da ta ba iyaye hutun kula da yaran da aka rufe wa makaranta, kuma sharaɗinta kwana talatin ne kawai a aiki, ba ruwanta da awa. Ta ƙare ranar 31 ga Disamba. Bayan shekara biyu da 'yan watanni, a Maris 2023, ma'aikatan tallafi kusan dubu talatin na gundumar Los Angeles suka yi yajin aikin kwana uku, malamai suka mara musu baya, makarantun yara sama da dubu ɗari huɗu suka rufe. Ƙungiyarsu ta ce matsakaicin abin da ɗan ƙungiya ke samu dala dubu ashirin da biyar ne a shekara, a ɗaya daga cikin biranen da suka fi tsada a ƙasar. Ban da ƙarin albashi, cikin abin da suka nema har da ƙarin awanni.

An taɓa gyara irin wannan

Abin da ya fi ci wa ƙungiyoyin ma'aikatan makaranta tuwo a ƙwarya shi ne majalisa ta taɓa ganin irin wannan kuskure ta gyara shi, amma ga wasu. Ma'aikatan jirgin sama, matuƙa da masu hidimar fasinja, su ma sun daɗe suna faɗuwa a wannan awo, domin bisa al'adar sana'arsu lokacin tafiyar jirgi ake ƙirga musu, ban da zaman jira a filin jirgi da kwana a otal a wani gari. A Disambar 2009 Shugaba Obama ya sa hannu a gyaran da ya ba su mudu na daban: awa 504, da kashi sittin cikin ɗari na awannin da aka yi musu alkawari a wata. Sunan gyaran ma ya nuna yadda aka ɗauke shi, gyaran kuskuren tsari aka kira shi.

A kan wannan sawun ne Sanata Tammy Duckworth da ɗan majalisar wakilai Sean Casten, dukansu daga Illinois, suka shigar da ƙudirin da zai auna ma'aikacin makaranta da kashi sittin cikin ɗari na awannin da aka tsara wa gurbinsa, maimakon adadi ɗaya ga kowa. Manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar, NEA da AFT, suna goyon baya. Ƙudirin ya shiga majalisa fiye da sau ɗaya yana kwanciya a kwamiti. Ma'aikatan jirgi dai kullum 'yan majalisa na haɗuwa da su a hanyar Washinton. Mai girkin makaranta kuwa sai lokacin kamfe.

Da jihohi suka gaji da jira sai wasunsu suka yi gaban kansu. Connecticut ta yi doka a 2012 da ta sauko wa mataimakan malamai da adadin zuwa 950. New Hampshire ta sa 900 ga ma'aikatan gundumomin makaranta. Illinois ta sa 1,000, Gwamna J.B. Pritzker ya sa hannu a 2021, ta fara aiki farkon 2022, kuma ta haɗa da ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin gwamnati. Waɗannan ci gaba ne na gaske, mai awa shida ta haye a duk ukun. Amma a duba direban nan mai 900. A Illinois bai kai adadin ba, a New Hampshire yana kan layi cif, fashin kwana ɗaya ya jefa shi waje. Duk inda aka kafa lamba ɗaya, akwai wanda jadawalinsa zai tsaya ƙasa da ita kaɗan, kuma mai rubuta jadawalin ya san inda lambar take. A ganina wannan ne ya sa awo da kaso ya fi adalci, domin yana tambayar ko mutum ya yi aikin da aka ba shi, ba ko an ba shi aiki mai yawa ba.

Hatta a jihohin da suka kafa asusun biyan albashin hutu, wanda Kalifoniya ta fara a 2004, ma'aikatan makaranta sukan tarar an tsallake su. A Massachusetts ƙananan hukumomi, waɗanda su ke riƙe da yawancin makarantu, ba sa cikin tsarin sai in sun zaɓi shiga. A New York ma ma'aikatun gwamnati zaɓi aka ba su. Jihar Washinton ce ta ɗauki wata hanya, ta sa awa 820 don samun kuɗin, ta kuma yarda a haɗa awannin duk wuraren da mutum ya yi aiki a jihar.

Wa ake kira iyali?

Akwai wani gefe da ya shafi mutanenmu da ke zaune can, 'yan zangon Ghana da ke Bronx, ko 'yan Nijar da suka yi kaka-gida a Greensboro, in ɗayansu ya kama aikin shara ko tuƙi ko rakiyar yara a motar makaranta. Ko ya cika awannin, iyalin da dokar ta sani ƙarami ne: miji ko mata, ɗa ɗan ƙasa da shekara goma sha takwas ko babba mai naƙasar da ba ya iya kula da kansa, sai uwa da uba. Babu suruka a ciki, babu wa ko ƙanwa. Rasuwa ma ba ta ciki, saboda haka ranar da majinyacin ya cika, ranar kariyar jinyar ta ƙare, balle a yi maganar zaman makoki ko takaba.

Amma akwai abu biyu da suka yi daidai da rayuwarmu. Dokar ta amince da riƙo. Goggo ko kakar da ta raine ka tun kana ƙarami a matsayin uwa, uwa ce a idon dokar, ko da babu takardar kotu. Kuma ba a ce sai majinyacin yana Amurka ba. Wanda mahaifinsa ya kwanta a Kumasi ko Maraɗi yana iya tafiya jinya, kuma dole mai aiki ya karɓi takardar likitan can, sai dai in da Faransanci aka rubuta, ma'aikacin ne zai kawo fassara in an nema. Ana ba shi kwana goma sha biyar ya kawo takardar. In tafiyar sananniya ce tun da wuri, sai ya ba da sanarwar kwana talatin, ofis kuma ya gaya masa cikin kwanakin aiki biyar ko ya cancanta, in bai cancanta ba a faɗa masa dalili.

Dalilin da aka fi rubuta wa ma'aikatan makaranta a wannan takarda sananne ne. Shi ya sa waɗanda suka san kan abin suke fara lissafi tun da nisa, domin ranar da hutun zai fara ake tsayawa a waiwaya wata goma sha biyu baya. Mai ciki da likita ya ce za ta sauka a watan Nuwamba takan zauna tun Afrilu da takardun albashinta da biro, tana ƙirgawa daga Nuwambar bara. In ta ga saura 170, sai ta shiga neman inda za ta tsinto su a cikin gundumar: darasin bazara na mako huɗu ko biyar, tsaron yara kafin a buɗe aji, zama da su bayan an tashi. Direba kuma ya sa sunansa a tafiyar kai 'yan ƙwallo wasa ranar Juma'a da dare, ko kai ɗalibai gidan tarihi. A gundumomi da yawa waɗannan ƙarin awanni bisa daɗewa ake raba su, tsofaffin hannu su zaɓa tukuna. Matan da ke shekarun haihuwa kuwa galibi su ne a ƙasan jerin.